Daga Saiwar Wake Zuwa Hanta da Ƙoda: Tafiyar Azot Cikin Jikin Mutum

Manoman Kiyeshe, da na sauran garuruwan Arewa tun daga Matankari har Tibiri, sun san farin takin zamanin nan mai kama da tsakin shinkafa, wanda ake kira ure. Ana sayar da shi cikin buhu mai kilo 50, ana kuma auna shi da tiya a kasuwa saboda wanda ba shi da ƙarfin buhu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jikin kowane ɗan Adam yana yin irin wannan ure dare da rana. Hanta ce ke haɗa shi, jini ya ɗauke shi, ƙoda ta tace shi, ya fita cikin fitsari. Wanda aka yi a masana'anta da wanda aka yi a jikin mutum abu ɗaya ne, babu bambanci ko kaɗan.

Don me jiki ke wannan aiki? Amsar tana da amfani ga maigida da uwargida, ga manomi da makiyayi, ga kuma ma'aikatan lafiya da na gona masu zagaya ƙauyuka. Wanda ya gane ta zai san dalilin da ya sa ciwon hanta ke juya hankalin mutum, da dalilin da ya sa takin ure ke kashe tunkiya idan ta sha ruwansa. Zai kuma san darajar wani abu da muke zubarwa kullum a bayan gida, alhali gonakinmu suna bukatarsa.

Azot da mafarinsa

Azot wani sinadari ne daga cikin waɗanda Allah ya gina halittu da su. A makarantun Najeriya ana ce masa naitirojin. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari nata azot ne. Amma jikin mutum ba ya iya amfani da na cikin iska; yadda ya shiga huhu haka yake fitowa. Dabba ma haka, hatsi da dawa ma haka. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, ke da ikon kama shi daga iska su mai da shi abin da shibka za ta iya sha.

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ko gujiya ya ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu ne waɗannan halittu ke zaune. Idan aka tsaga ƙullin aka ga cikinsa ja-ja, to suna cikin aiki. Shibka tana ba su abinci, su kuma suna ba ta azot. Iccen gawo da ake gani cikin gonakin Dallol Mawri dangin wake ne ta wannan fanni. Yana kuma zubar da ganyensa a farkon damana, dabbobi suna kwana inuwarsa da rani, shi ya sa hatsin ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau.

Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. A Kiyeshe, wadda ke kudu da Dogon Dutsi, da sauran ƙasar Arewa, ana shibka shi tsakanin layukan hatsi, mata kuma sun yi suna da beruwa da suke yi da garinsa. Ta hanyar wake da gyaɗa, da nono da naman dabbar da ta ci harawa, azot ɗin iska ke isowa cikin ƙwaryar abincinmu.

Furotin da tubalansa

A cikin abinci, azot yana zaune ne cikin abin da ake kira furotin, wato sashen abinci mai gina jiki. Ana samunsa da yawa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da fara. Da shi ake gina tsoka da fata da gashi, da jan abin nan na cikin jini mai ɗaukar iska, da masu yaƙar cuta. Cikin kowane giram 100 na furotin akwai kimanin giram 16 na azot.

Furotin kamar gini yake, tubalansa kuwa su ne ake kira amino asid. Iri 20 ne. Idan mutum ya ci abinci, ciki da ƙaramin hanji suna rushe furotin tubali-tubali, tubalan su shiga jini, jini ya kai su hanta, daga can a raba wa sauran jiki ya yi nasa ginin. Iri 11 jiki yana iya yinsu da kansa. Iri 9 kuwa sai an ci. Ɗaya daga cikin taran nan, mai suna lizin, ya yi ƙaranci a hatsi, amma yana da yawa a wake. Wani kuma mai suna metiyonin ya yi ƙaranci a wake, hatsi ya fi shi da shi. Saboda haka gidan da ke haɗa hatsi da wake, ko fura da nono, ya cika abin da kowanne ya rasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin kullum bisa kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar wajen giram 50. Busasshen wake giram 100 yana ba da wajen giram 23, hatsi kuwa wajen giram 11. Mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa suna bukatar fiye da haka bisa nauyinsu.

Jiki ba shi da rumbun furotin

Idan mutum ya ci mai ko sukari fiye da bukata, jiki yana ajiye ragowar: kaɗan a hanta da tsoka, mafi yawa ya zama kitse. Furotin ba shi da irin wannan rumbu. Ga shi kuma ginin jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙwayoyin da ke lulluɓe da cikin hanji kwanaki kaɗan suke yi a sake su, jar ƙwayar jini kuwa wajen kwana 120. Kowace rana baligi yana rushe giram 250 zuwa 300 na furotin ɗin jikinsa, ya sake gina wani. Mafi yawan tubalan ana sake aiki da su, kamar mai gini da ya rushe tsohuwar katanga ya tsince tubalanta masu kyau. Amma kullum akwai ragowa.

Ragowar tana ƙaruwa ta hanya biyu. Ranar layya, da mutum ya ci nama ya ƙoshi, tubalan da suka wuce bukata ba su da wurin zama, dole a ƙone su. Lokacin yunwa ko doguwar jinya kuwa, jiki yana komawa kan tsokarsa, ya rushe ta don ya samo sukarin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Shi ya sa mai jinya ke ramewa a cinya da damtse.

Kowane amino asid yana da sassa biyu: gangar jiki wadda za a iya ƙonewa ta ba da ƙarfi, ko a mai da ita sukari ko kitse, da kuma ɗan kai mai ɗauke da azot. Kafin a ƙone gangar sai an cire kan. Masu wannan aiki wasu furotin ne na musamman da ake kira anzim. Biyu daga cikinsu an san su da suna ALAT da ASAT. Wanda aka taɓa yi wa awon jini saboda hanta ya ga waɗannan haruffa bisa takardarsa: idan ƙwayoyin hanta suna lalacewa, anzim ɗin suna zubowa cikin jini, awonsu ya hau.

Kawunan da aka cire ana tara su ga amino asid ɗaya mai suna gulutamat, shi ne kuwa mai ba daddawa da dunƙulen miya ɗanɗanonsu. Daga tsoka da sauran sassan jiki, wasu biyu masu suna alanin da gulutamin su ne ke ɗauko azot cikin jini su kai shi hanta a rufe. A can ne ake sakinsa, ya zama amoniyak.

Amoniyak kowa ya san warinsa: shi ne zarnin da ke tashi a makewayi da garken awaki. Guba ne ga ƙwaƙwalwa. A jinin mai lafiya, abin da ke akwai cikin lita ɗaya bai kai miligiram ɗaya ba. Idan ya ninka haka sau kaɗan, hankali ya fara gushewa. Ke nan dole jiki ya sami hanyar ɗaure shi da sauri.

Aikin hanta

Hanyar ita ce mai da amoniyak ure. Ure ba shi da wari, yana narkewa cikin ruwa da sauƙi, jini yana ɗaukarsa ba tare da lahani ba muddin yana fita. Wani Bafaranshe mai suna Ruwel ya ware shi daga fitsari a 1773. A 1828 wani Bajamushe mai suna Firedirik Wola ya haɗa shi a ɗakin bincike ba tare da hanta ko ƙodar wata halitta ba, abin da ya ba masanan zamaninsa mamaki ƙwarai. Amma yadda hanta ke yinsa, sai a 1932 aka gane, sa'ad da Hans Kirebs da ɗalibinsa Kurt Henselait suka yi gwaji da yankakkiyar hantar ɓera a birnin Firaiburg na Jamus. Sun gano cewa aikin zagaye yake yi, yana komawa inda ya faro.

Mai jan ruwa a rijiya zai gane shi da sauƙi. Guga tana sauka babu kome, ta fito cike, a juye, ta sake komawa. Gugar hanta wani amino asid ne mai suna ornitin. Aikin yana da mataki biyar. Da fari ana haɗa amoniyak da wani sashe na iskar nan da muke fitarwa da numfashi. Na biyu, a ɗora haɗin bisa ornitin, sai ya zama sitirulin. Sunan ya samo asali daga sunan kankana da harshen Latin, domin a cikinta aka fara samunsa. Na uku, wani amino asid mai suna aspartat ya kawo azot na biyu ya manne. Na huɗu, a cire gangar aspartat a mai da ita wani aiki, sai a bar arjinin. Na biyar, anzim ya tsaga arjinin gida biyu: ure ya fita, ornitin ya koma ya ɗauko wani kaya.

Kowace ƙwayar ure tana fita da azot biyu. Kashi 46 cikin ɗari na nauyinta azot ne. Lambar 46 da manomi ke gani bisa buhun taki abin da take nufi ke nan. Aikin ba kyauta ba ne, hanta tana kashe ƙarfi wajen yinsa, kuma ita kaɗai ce a jiki ke iya cika zagayen duka yadda zai ishi mutum.

Aikin ƙoda

Daga hanta ure ya shiga jini ya isa ƙoda. Kowace ƙoda ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Kowace rana su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato bido tara masu lita 20. Kusan duka suna mai da shi cikin jini, su bar lita ɗaya zuwa biyu ta zama fitsari. A cikinta baligi yana fitar da ure giram 15 zuwa 30, gwargwadon furotin ɗin da ya ci. Mafi yawan azot ɗin da ke barin jiki ta nan yake fita, kaɗan ta bayan gida da zufa.

Ure ba ya fita sai da ruwa. Ko da ƙoda ta matse iyakar ƙarfinta, tana bukatar wajen rabin lita kullum don ta kwashe dattin jini. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma manoma ke sharar gona, zufa tana cinye ruwan jiki. Fitsarin da ya yi kaɗan ya yi ja alama ce ƙoda tana neman ruwa.

Kowace halitta da hanyarta, gwargwadon ruwan da take samu. Kifin tabki ba ya wahalar da kansa: yana sakin amoniyak kai tsaye ta wajen da yake numfashi, ruwa ya tafi da shi. Kaza da zabo da ƙadangare kuwa suna mai da azot ɗinsu wani farin abu mai kauri wanda ba ya bukatar ruwa sosai. Shi ne farin da ake gani bisa kashin kaji, shi ya sa kuma takin kaji ke da ƙarfi har yakan ƙone shibka idan ya yi yawa.

Idan hanya ta toshe

Hanyar tana iya toshewa a hanta. Idan hanta ta lalace ta ƙandare, amoniyak yana wucewa ya isa ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara barci da rana, ido biyu da dare. Ya riƙa mantuwa, yana faɗa babu dalili, idan ya miƙe hannuwa suna kaɗawa kamar fiffike. Daga baya sai suma. Sau da yawa dangi kan ɗauka iska ce ko sammu, a ɓata kwanaki a gida. Idan irin wannan ruɗewa ta zo ga mai shawara ko mai kumburin ciki, a gaggauta kai shi likita. Akwai magani mai suna laktuloz da ke saukar da ciki ya fitar da amoniyak ta hanji, mutum ya dawo hayyacinsa. A da ana hana irin waɗannan majinyata nama da wake ƙwarai. Yanzu an gane cewa hanin yana ƙara ramar da su, sai dai a raba musu abincin kaɗan-kaɗan bisa shawarar likita.

Manyan masu lalata hanta a ƙasashenmu su ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da giya, da gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara idan sun yi fumfuna. Tun 2008 rigakafin nau'in B yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a Nijar. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci a zubar da ita, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Hanyar tana iya toshewa a ƙoda. A nan ure da sauran datti suna taruwa cikin jini. Alamomin su ne tashin zuciya, amai, ƙaiƙayi, kumburin ƙafa da fuska, da numfashi mai zarni. Ana gane shi da awon ure da kireyatinin a jini. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda sannu a hankali, shekara da shekaru ba tare da wani zafi ba. Zawo da amai masu tsanani, zazzaɓin sauro mai nauyi, da zubar jini wajen haihuwa suna iya tsai da ita cikin kwanaki. Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye wajen masu talla ana sha kullum, da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba. Idan ƙoda ta mutu sai wankin jini da na'ura, sau biyu ko uku a mako, wajen awa huɗu kowane zuwa. Ana yinsa a asibitin Lamorde na Yamai, wajen kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Manomin Kiyeshe da ya kai ga haka ya bar gonarsa ke nan, da shi da mai jinyarsa. Awon hawan jini a likitar gari ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma yaro mai tamowa. A 1933 wata likita mai suna Sisili Wiliyams ta bayyana ciwon yara masu kumburi da jan gashi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko. Irin wannan yaro hantarsa da hanjinsa sun gaji. Idan aka cika shi da nama da ƙwai rana ɗaya don tausayi, jikinsa ba zai iya da su ba. Shi ya sa a sashen tamowa na asibiti, wanda ake kira CRENI, ake fara masa da madara ta musamman mai suna F-75, wadda furotin ɗinta bai kai giram ɗaya cikin mililita 100 ba, alhali nonon saniya ya wuce giram uku. Sai jiki ya farfaɗo a ƙara masa, a kai ga abincin gyaɗa na leda irin Plumpy'Nut. Uwar da ta ga ƙafafun ɗanta sun kumbura, ta kai shi tun da wuri.

Saniya da raƙumi ba su zubar da nasu duka

Dabbobi masu tuƙa, wato shanu, tumaki, awaki da raƙuma, an ba su wata dabara. Wani sashe na uren da hantarsu ta yi ba ya zuwa fitsari. Yana komawa tumbi ta cikin miyau da jini. A tumbi akwai bakteriya masu yawa da ke mai da shi amoniyak, su gina nasu furotin da shi, daga baya dabbar ta narkar da su ta amfana. Binciken da Shimit-Nilsen ya yi kan raƙuma a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da ke cin busasshiyar ciyawa kaɗan ƙwarai yake zubarwa na urensa.

Bisa wannan ne ma'aikatan kiwo ke koya wa masu turka jiƙa kara ko busasshiyar ciyawa da ruwan ure: wajen kilo 5 na ure ga kilo 100 na ciyawa, a danne, a rufe ruf mako biyu zuwa uku, a buɗe ta sha iska kafin a ba dabba. Ciyawar tana yin taushi, dabba ta fi cinta, ta fi amfana. Amma akwai haɗari. Idan tunkiya ta lashi takin ure tsurarsa, ko ta sha ruwan da aka wanke buhunsa, amoniyak yana tashi a tumbi fiye da abin da hanta za ta iya ɗaurewa. Dabbar ta yi ta karkarwa da dalalar miyau, cikinta ya kumbura, tana iya mutuwa cikin awa ɗaya ko biyu. A ajiye buhun taki inda dabba ba ta kai. Kada a ba jaki ko doki ko kaji abin da aka sa wa ure, ko ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba. Wanda bai taɓa yin aikin ba ya nemi malamin dabbobi ya nuna masa.

Takin da ke zubewa a bayan gida

Ƙasar gonakin Arewa rairayi ce, azot ɗinta kaɗan ne, hutun gona kuma ya ragu saboda yawan jama'a. Takin ure na buhu ana yinsa ne daga azot ɗin iska da iskar gas, bisa hanyar da Jamusawa biyu, Haba da Bosh, suka kafa tsakanin 1909 da 1913. Daga waje yake zo mana, kuɗinsa yana bin kasuwar duniya, kamar yadda aka gani a 2021 da 2022 sa'ad da ya yi tashin gwauron zabo. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun lura cewa manomin nahiyar ba ya wuce kilo 8 na sinadaran taki a hekta, suka yi niyyar kai shi kilo 50.

To, mu yi lissafi. Baligin da ke cin giram 50 na furotin yana shigar da giram 8 na azot kullum, wajen giram 7 kuma suna fita cikin fitsarinsa. A shekara kilo biyu da rabi ke nan. Buhun ure mai kilo 50 yana da kilo 23 na azot. Ashe fitsarin manya tara ko goma na shekara ɗaya daidai yake da buhu guda, ban da fosfor da potas da ke cikinsa waɗanda babu su a buhun ure. Babban gida ɗaya a Kiyeshe yana zubar da haka kowace shekara.

An gwada amfani da shi a ƙasar nan. A 2009, a gundumar Agiye ta jihar Maraɗi, ƙungiyar CREPA da aikin raya karkara na PPILDA sun koya wa mutanen wasu ƙauyuka tara fitsari cikin bido, manoma suka sa masa suna takin ruwa. Daga baya, tsakanin 2014 da 2016, matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi, tare da masu bincike na INRAN, sun gwada shi a ɗaruruwan gonakin hatsi, suka laƙaba masa suna Oga. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna ƙarin amfanin gona wajen kashi 30 cikin ɗari bisa gonakin da ba a sa wa ba.

Aikin yana da ƙa'ida. A tara fitsari shi kaɗai, kada ya gauraya da bayan gida. A rufe bidon gam, a ajiye shi aƙalla wata ɗaya. Matan Maraɗi suna barinsa wata biyu zuwa uku a rana. A wannan zama uren yana komawa amoniyak, shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta, idan kuwa bidon a buɗe yake ƙarfin takin ya bi iska. Wajen sawa a tona ɗan rami taƙi ɗaya daga gindin shibka, a zuba, a rufe da ƙasa, bayan ruwan sama ko a biyo da ban ruwa. Kada ya taɓa ganye. A daina sawa wata ɗaya kafin girbi ko tsinkar kayan garka. A cikin dallol ruwa yana kusa, saboda haka kada a zuba taki kowane iri, na buhu ko na bido, a bakin rijiyar sha. Tara fitsari yana da wani amfani kuma: ƙwan tsargiya cikin fitsari yake fita, abin da ya shiga bido bai shiga tabki ba.

Maganar tsarki ba abin rainawa ba ce. Fitsarin mutum najasa ne, mai aikin ya keɓe tufafin da yake yi da su, ya rufe hanci, ya wanke hannu da sabulu. Malaman Malikiyya kuwa sun lissafa shibkar da ta sha ruwa mai najasa cikin abubuwa masu tsarki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin garinsa kafin ya fara.

Abin da ya rage gare mu

Ga magidanta: a rage wake a rumbu saboda yara, kada a kai shi kasuwa duka ranar da aka sussuke. A sha ruwa da yawa lokacin zafi. Wanda ya wuce shekara arba'in ya riƙa zuwa awon hawan jini ko da ba ya jin kome. A kai jarirai rigakafi har a cika.

Ga ma'aikata: malamin gona, malamin dabbobi da malamin lafiya suna magana kan abu ɗaya ne, kowa ta gefensa, ya kamata su riƙa zuwa ƙauye tare. Magadan gari na Kiyeshe, Kore Mairuwa, Gesheme da maƙwabtansu suna iya ware ƴar gonar gwaji, rabi da takin ruwa rabi babu, jama'a su gani da idonsu lokacin kaka. Malaman yaƙi da jahilci kuwa suna da darasin lissafi a shirye: ɗalibi ya ƙidaya manyan gidansu, ya ninka da kilo biyu da rabi, ya gwada da kuɗin buhun ure a kasuwar garinsu. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.